Sabuwar mota ta fi araha a Kwatano ko Yamai? Ga yadda zaka yi lissafin kafin ka canza nairarka

Duk majalisar da aka ɗauko hirar mota sai ka ji wani yace ai a Kwatano mota kamar kyauta take, wani kuma yace yaga farashin sabuwar Hilux a Lome ya buga a naira yaga rarar miliyoyi. Ba ƙarya suke ba, farashin da aka liƙa a gilashin sabuwar mota a Binin ko Togo yakan yi ƙasa da na Legas da Abuja da Kano. Sai dai wancan farashin na motar da zata zauna a can ne, ta ɗauki lambar can. Da zarar kace Najeriya zaka kawo ta toh lissafi ya canza gaba ɗaya. Nan maganar sabuwa dal nake, ta cikin leda, ba Beljiyam ba, ita wannan kasuwarta daban dokokinta daban.

Mataki na 1: ka tabbatar mota ɗaya kake gwadawa

Nan ne mutane suka fi zamewa tun kafin a zo maganar haraji. Suna ɗaya, jiki ɗaya, amma abinda ke ciki ba ɗaya ba. Ɗauki Hilux, wadda aka saba sayarwa a Najeriya yawanci mai fetur ce inji 2.7, su kuma ƙasashen renon Faransa sunfi kawo mai gas, wato dizal, sau da yawa ma giyar hannu. In ka gwada farashin mai gas mai giyar hannu da kujerun yadi da na mai fetur otomatik mai kujerun leda da kyamarar baya kace akwai bambancin miliyan kaza ai baka gwada komai ba.

Ka samu takarda ka rubuta girman inji, fetur ko gas, giya, ko tana ja da taya huɗu, yawan jakar iskan kariya, irin kujera, da shekarar da aka ƙera ta. Shekarar nan ka kula da ita sosai dan akwai motar da ta shekara biyu a ajiye a fili ba'a taɓa hawanta ba, sabuwa ce a takarda amma batirinta da tayoyinta sun sha rana. Ka buɗe ƙofar direba ka duba ɗan farantin da ke jikin ginshiƙi, sannan ka duba taya, akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko satin da aka yi ta ne biyun ƙarshe shekara. 1423 na nufin sati na 14 a 2023.

Sai kuma ka tambayi daga ina motar ta fito. Akwai wadda wakilin kamfani ya shigo da ita, kamar CFAO da ke riƙe da Toyota a Binin da Togo da Nijar, ko Toyota Nigeria da dilolinta irinsu Elizade a nan gida. Akwai kuma wadda ɗan kasuwa ya ɗauko daga Dubai ya saka a kwantena. Duka sabbi ne amma ba darajarsu ɗaya ba, zamu zo kan dalili a maganar garanti.

Mataki na 2: ka nemi farashi a rubuce, kuma ka karanta haruffan da ke gefensa

Kar ka yi aiki da hoton da wani ya turo a WhatsApp. Ka sa a karɓo maka takardar farashi daga shagon, wadda suke kira proforma, mai kwanan wata da hatimi. A ƙasashen sefa zaka ga farashi da HT ko TTC a gefensa. HT na nufin ba'a saka haraji ba, TTC kuma an haɗa komai. Wani lokacin zaka ga har an rubuta cewa ba'a biya duwan ba ma, wato harajin kwastam ɗin can, wannan farashin na ƙungiyoyin agaji ne da ofisoshin jakadanci ko motar da zata wuce wata ƙasa. Yawancin hotunan da ke tada hankalin mutane a intanet irin wannan farashin ne, an cire haraji an nuna maka tsuran kuɗin mota.

A Najeriya ma ka tambaya ko farashin da aka baka da harajin VAT a ciki, da rajista da lamba, da kuɗin kawo ta daga Legas. Wasu diloli sai an gama ciniki sannan suce toh Alhaji saura kuɗin tirela.

Mataki na 3: canji

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ne kullum, ba ta motsi. Naira kuwa tunda aka sake ta a Yunin 2023 kowa yaga abinda ya faru, daga wajen 460 a dala ɗaya a farashin gwamnati har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Shi yasa tsohon labarin da baban wani ya bayar na yadda ya sayo mota a Kwatano da araha ba zai maka amfani ba, lokacin naira na da ƙarfi akan sefa, yanzu kuwa abin ya juya har 'yan Nijar ne ke tsallakowa Jibiya da Maigatari da Illela suna ganin kayanmu da sauƙi.

Kada ka buga lissafi da farashin da Google ya nuna maka. Ka kira ɗan canji a Wapa ko Zone 4 ko a bakin boda ka tambayi nawa zai sayar maka da sefa yau, kuma na kuɗi mai yawa, dan farashin wanda zai canza jaka ɗari daban da na wanda ke neman miliyan 25. Ka tambayi kuɗin turawa. Sannan ka ƙara wani abu a sama saboda daga ranar da ka biya kafin alƙalami zuwa ranar da zaka cika kuɗi canji na iya gudu ya barka.

Wani abu kuma, sefar Nijar da Binin da Togo daban take da ta Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya akan yuro amma takardun kuɗin ba ɗaya bane, in ka ɗauki ta Yamai ka nufi Garwa ko Injamena sai ka sake canzawa, kuma sai an ɗan cire maka wani abu.

Mataki na 4: haraji, nan ne duk bambancin ya ɓuya

Kamfanin da ke ƙera mota a Japan ko Afirka ta Kudu ko Chana baya sayar wa Binin da rabin kuɗin da yake sayar wa Najeriya. Kuɗin jirgi zuwa Kwatano da zuwa Legas kusan ɗaya ne, tsakanin garuruwan biyu bai fi tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ba. Abinda ya raba farashin shine abinda kowace gwamnati ke ɗorawa a tashar ruwa.

A Najeriya an daɗe ana wasa da wannan lambar. A tsarin bunƙasa haɗa motoci a gida da aka kawo zamanin Jonathan, sabuwar ƙaramar mota da aka shigo da ita a haɗe tana biyan duti kashi 35 da wani ƙarin kashi 35, kashi 70 kenan. Dokar kuɗi ta 2020 ta sauke wancan ƙarin zuwa kashi 5. A Afrilun 2022 kwastam suka koma kan jadawalin bai-ɗaya na ECOWAS, duti ya zama kashi 20, sai aka ɗora wani ƙarin haraji da ake kira levi, kashi 20 akan sabuwa, kashi 15 akan ta hannu. Bayan wannan a lokacin akwai ƙananan caji: kashi 7 na kuɗin dutin, rabin kashi ɗaya na ECOWAS, kashi ɗaya na duba kaya, sannan VAT kashi 7.5 da ake ɗorawa akan jimlar duka, wato har harajin ma ana cire masa haraji.

Bari mu buga da waɗannan lambobin na 2022 dan kaga yadda abin ke tafiya. Ka ɗauka motar da kuɗin jirgi da inshora ta tsaya 100 a tasha. Duti 20, levi 20, ƙananan cajin nan kusan 3, ka kai 143. VAT akan 143 ya haura 10 kaɗan. Kaga ka tashi wajen 153 ko 154 kafin ejen ya karɓi nasa, kafin kuɗin ajiya a tasha, kafin dila ya saka ribarsa. Lambobin nan suna canzawa kusan duk shekara da takardar ma'aikatar kuɗi, ko a Fabrairun 2025 an kawo wani sabon caji na kashi 4 aka dakatar da shi cikin 'yan kwanaki saboda ihun 'yan kasuwa, dan haka ka sa ejen mai lasisi ya buga maka na ranar da kake lissafi. Amma tsarin ɗora wannan kan wancan haka yake.

Kuma ba kuɗin da ka rubuta a rasidi kwastam ke bi ba. Tun 2022 suna amfani da lambar shasi, wato VIN, na'ura ce ke fitar da darajar motar, sannan a juya dalar zuwa naira da canjin da ke kan tsarinsu a ranar. Ko da ka samu rangwame a inda ka saya dutin bazai ragu ba.

Yanzu tsallaka Binin. Harajin kaya na TVA, wato VAT ɗinsu, a can kashi 18 ne, ya fi namu nesa, toh ta yaya mota ta fi araha? Saboda a kasafin kuɗinsu na 2022 sun yi wa sabbin motoci sassauci dan su rage tsofaffin da suka cika musu titi: aka yafe TVA, aka kuma zabtare kashi 90 na darajar da ake lissafa duti akanta, mai haɗa fetur da lantarki kashi 95, mai lantarki zalla kashi 99. Wato motarmu ta 100 ɗin nan akan 10 kawai ake cire mata duti. Togo ta riga su yin irin wannan tun 2020. Kaga inda ratar take, ɗaya ya tashi 150 da wani abu ɗaya kuma bai yi nisa da 100 ba. Amma an yi sassaucin ne dan motar da za'a yi wa rajista a ƙasar, kwastam ɗin Najeriya babu ruwansu da abinda Binin ta yafe maka.

Nijar kuwa TVA kashi 19 ne. In ka ɗora duti kashi 20 akan 100 sannan ka ɗora 19 a sama ka kusa 143 tun kafin ƙananan caji, ga kuma doguwar hanya tunda babu teku. Kamaru nasu 19.25 ne. Shi yasa ni bana ganin hikimar ɗan Kano ko Katsina ya nufi Yamai neman sabuwar mota mai araha, kusancin Maraɗi da Damagaram ne kawai ke ruɗar mutane.

Wani zai ce ai muna ECOWAS tare da Binin da Togo, kaya basa biyan duti tsakaninmu. Wannan rangwamen na kayan da aka yi a cikin yankin ne kuma aka yi musu rajista a tsarin. Motar da aka ƙera a Japan ko Tailan ta sauka Kwatano bata zama 'yar Binin ba dan ta kwana a can.

Mataki na 5: ta wace hanya zata shigo

Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci, sabbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa. Wannan dokar daban take da rufe boda da aka yi a Agustan 2019 aka fara buɗewa a Disamban 2020, buɗe Seme da Illela da Maigatari bai ɗage haramcin mota ba. A 2023 an yi ta yaɗa cewa an buɗe wa motoci Seme, kwastam suka fito suka ce ba haka bane. Kafin ka biya ko sisi ka taka zuwa ofishin kwastam mafi kusa ka tambayi matsayin dokar a ranar, kar ka tsaya kan abinda direban da zai kawo motar ya faɗa maka, shi kuɗin aikinsa yake nema.

Ma'anar haka a aikace, in ka saya a Kwatano kana son takardu masu tsabta sai motar ta sake hawa jirgi ta sauka Legas, Tin Can ko Apapa, a yi mata kiliya kamar daga Dubai ta zo. Kuɗin jirgi, kuɗin ejen biyu, na can da na nan, kuɗin tasha, cikakken duti, sai tirela zuwa arewa. Ka rubuta kowanne a layinsa.

Ɗaya hanyar kowa ya santa, ta daji da daddare, a manna lamba a haɗa takardu. Da tsohuwar mota ta miliyan biyar wasu ke wannan cacar, amma ka ɗauki motar miliyan tamanin ka bi da ita ta nan gaskiya ban ga wayo a ciki ba, dan jami'an sintiri na kwastam suna tare mota a hanyar Kaduna ko Zariya ko Sakkwato shekaru bayan ta shigo, har shagunan diloli suna shiga. A 2024 an bada wa'adin kwana 90 ga masu irin waɗannan motocin su zo su gyara takardu, da farko aka ce su biya dutin cif da tarar kashi 25 a sama, daga baya aka dakatar da tarar. Ba kullum ake buɗe irin wannan ƙofar ba, in babu ita kwace motar ake.

Shiga da mota mai lambar Nijar ko Binin dan ziyara wani abu ne daban, ana baka takardar izinin wucewa ta ɗan lokaci a boda, ka haɗa da inshorar ƙasashen yankin mai launin ruwan ƙasa. Lokacin na ƙarewa motar ta koma. Ba hanyar mallakar mota a Kano da lambar Maraɗi bace.

Ga 'yan'uwa na Nijar kuma, ku lissafinku ya ƙara rikicewa tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe gadar Malanbil da Gaya, kayan da a da ke bin Kwatano kai tsaye suka koma zagayowa ta Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, kwanaki sun ƙaru kuɗin hanya ya ƙaru. In zaku ɗauko daga Lome ku nemi farashin motar wucewa, ba na TTC ba, tunda a gida zaku biya duwan, sannan ku tambayi mai taransit kuɗin hanya na wannan watan ba na bara ba.

Mataki na 6: garanti da sabis

Sabuwar mota rabin abinda kake biya kwanciyar hankali ne, yawanci shekara 3 ko kilomita 100,000, wasu kamfanonin Chana da Koriya suna bada fiye da haka. Toh garantin nan yana bin wakilin da ya shigo da motar ne. Ka tambaya tun kafin ka biya, in giya ta samu matsala a Kano wa zai gyara, kuma a rubuta maka amsar. Masu ɗaukowa daga Dubai yawanci garantinsu na baki ne, in abu ya lalace sai a fara cewa ai man da ka sha ne bashi da kyau.

Ka kuma duba ko bakaniken garinku ya san injin. Sabbin injinan gas basa son gurɓataccen mai ko kaɗan, nozul ɗaya in ya mutu kuɗinsa sai ya baka mamaki, kuma in samfurin ba'a sayar da shi a Najeriya ba sai ka jira kayan gyara daga waje motar na fake. Ranar sayarwa ma haka, mai saye a Kano ko Kaduna yana fara tambayar takardun kwastam ne da ko fetur ce, motar da ta bambanta da wadda aka saba gani tana daɗewa a hannun dillali.

Mataki na 7: haɗa jimla ka ajiye su gefe da gefe

A gefe ɗaya ka rubuta farashin waje ba tare da harajin can ba, a naira da canjin ɗan canji, ka ƙara jirgi, duti da duk 'yan'uwansa, ejen, tasha, tirela, kuɗin tafiyarka da masauki, rajista da lamba da inshora. A ɗaya gefen farashin dilan gida bayan an yi ciniki, ba na farko da ya faɗa ba. A yawancin lokuta zaka ga ratar ta narke, wani lokacin ma ta waje ta fi tsada dan kai mota ɗaya ka ɗauko shi kuwa dila da yawa yake saukewa. In abinda ya rage bai kai kashi 10 ba ni shawarata ka saya a gida, wahalar da rashin garantin sun cinye shi.

Ka saka layi na uku, motocin da ake haɗawa a nan. Sassan da ake shigowa da su dan haɗawa basa biyan harajin da motar da ta zo a haɗe ke biya, shi yasa ya kamata ka ji farashin Peugeot ta kamfanin Ɗangote da ke hanyar Kaduna zuwa Abuja, da Innoson ta Nnewi, da GAC da Changan da ake sayarwa a Legas da Abuja. Ba lallai ka so su ba amma ka san lambar. Takardar farashin Kwatano ɗin ma kar ka yar, ka shiga da ita shagon dila, tana taimakawa wajen ciniki musamman ƙarshen shekara da suke son fitar da samfurin bara.

Wanda wannan bambancin ke yi wa amfani da gaske shine mai zama a can, ɗan kasuwarmu da ke da shago da katin zama a Kwatano ko Lome ko Paraku, ya saya ya yi mata rajista a can ya hau abarsa a can.

Mataki na 8: in dillali yace ai ya riga ya shigo da ita

Wannan shi zaka fi haɗuwa da shi, mota fes a leda a Abuja ko Kano, farashi ƙasa da na kamfani da miliyan goma ko fiye, ana ce maka daga Kwatano take kuma takardu sun cika. Ka karɓi kwafin takardar shigowa ta kwastam, da takardar da aka yanka dutin, da rasidin banki, da takardar fita daga tasha. Ka gwada lambar shasi harafi 17 ɗin da ke jikin gilashi da ginshiƙin ƙofa da wadda ke takarda, ɗaya bayan ɗaya, da idonka ba da idon yaron dillali ba. Ka duba samfuri da shekarar da aka rubuta, dan dabarar da aka fi yi itace a biya duti da sunan ƙaramar mota ko tsohuwar shekara, takardar ta gaske ce amma kuɗin bai cika ba, kuma ranar da aka kama kai za'a ce ka cika.

Daga nan ka kai lambar ofishin kwastam da kanka ko ka duba a tsarinsu na tantancewa, ba ta hannun mai sayarwa ba. Sai sakamako ya fito sannan ka tura kuɗi, ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan rasidi, kuma a rubuta a yarjejeniya gaban shaidu biyu cewa in matsalar duti ta taso daga baya mai sayarwa ne zai ɗauka. Dillalin da yace sai ka fara bada wani abu kafin ya nuna takardu ka barshi da motarsa.